A Mayar wa Jama'a Dajin Rugu da Duwatsunsa

A watan Maris na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya bar birnin Katsina ya nufi Sakkwato cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Hanyarsu ta bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana. Abu biyu ya tarar a wannan yanki, ya kuma rubuta su: ƙasa mai kyan gani, ga duwatsu ga garuruwa masu ganuwa, sai kuma tsoro. Daga Zakka sai da ayarin ya yi ɗamara ya ratsa daji a doguwar tafiya, don gudun mahara daga Gobir da Maraɗi, kafin su faɗa ƙasar Zurmi. Shekara 170 da ɗoriya bayan haka, wanda ya taso daga Katsina zuwa Batsari, ko ya bi ta Dutsin-Ma ya shiga Safana da Runka, abin da zai tarar ke nan: ƙasa mai ɗaukar ido, da direban da ke duban rana yana lissafin ko zai fita kafin la'asar ta yi sanyi. Amma tsakanin zamanin Barth da namu an yi shekaru masu yawa da mutum ke ratsa wannan daji a kan keke ko jaki, ba abin da yake shakka sai kura. Tsoron yana shigowa ne in hukuma da jama'a suka janye ƙafarsu, kuma an taɓa ganin ya fita da suka dawo.

Ra'ayina shi ne gwamnatin Jihar Katsina da masarauta da ƙananan hukumomin Batsari da Safana su fara shirin mayar da duwatsu da dajin wannan yanki wuraren da talaka zai je ya gani, ya hau, ya sha iska, ya koma gida lafiya. Kuma su fara tun yanzu, kada su jira ranar da za a ce an gama da ɗan bindiga na ƙarshe. Na san maganar za ta yi wa wasu ɗaci. Yawon buɗe ido a Batsari? Mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar matarsa yana da haƙƙin jin haushin duk wanda ya zo masa da irin wannan zance. Sai dai da yawa daga masu yanke hukunci kan yankin a Katsina da Abuja ba su san shi ba sai a rahoton hari, don haka ya kamata a fara faɗin abin da ke wurin.

Yammacin Katsina ƙasar duwatsu ce. Daga Kurfi da Dutsin-Ma har Safana da Batsari, manyan duwatsu ke tasowa daga tsakiyar gonaki, wasu sumul, wasu curi-curi ɗaya bisa ɗaya har mutum ya yi mamakin abin da ya riƙe na sama. A watan Agusta, in damina ta zauna, ruwa na taruwa a kwarmin dutse, yara makiyaya su sha su shayar da awaki, ciyawa ta tsiro a kowace tsaga, gindin dutsen kuma ga kanya ga tsamiya ga kuka ga marke. Wanda ya hau sama zai hangi gero da dawa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da rugage nan da can, da hayaƙin girkin ƙauyuka uku ko huɗu a lokaci guda. Da kaka falalen dutse ya koma wurin aiki: mata na shanya barkono da kuɓewa da yankakken rogo, ja da kore da fari gefe da gefe, can ana sussuka ana sheƙa, iska na kwasar ƙaiƙayi.

Ga kuma tarihi kwance a gindin duwatsun. Bayan masu jihadi sun ci birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, wannan yanki ya zama bakin daga na shekaru da dama. Garuruwa irin su Ruma da Zakka cikin shirin yaƙi suka rayu. Har yau hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, kuma sunan Ɗanwaire, barden da ya yi suna a yaƙe-yaƙen ƙarshen wancan ƙarni, bai rabu da sunan Ruma ba a bakin tsofaffi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna irin abin da ake samu in aka zauna da dattawan ƙauye aka saurare su. Kufan ƙasar Hausa ba sa ɓuya ga wanda ya san abin da yake nema: tudun tsohuwar ganuwa da ruwa ya zaizaye, bakin rijiyar da igiya ta ci, ramukan karofi, kashin maƙera, tsingaro. Amma ɗalibin sakandare a Safana yana iya haddace shekarar da aka gama yaƙin duniya, alhali bai taɓa tsayawa a kan ganuwar da kakanninsa suka gina ba.

Masu tsara manufofi a ƙasar nan, in suka yi maganar yawon buɗe ido, hankalinsu kan tafi biranen bakin teku da suke gani a talabijin ko suke zuwa taro, irin su Riyo ta Burazil da Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, inda baƙo zai yi hantsi a tsohuwar unguwa, ya ci abincin rana a lambu, ya yi la'asar a kan dutse yana kallon teku. Ba laifi a dubi waɗannan birane, in dai za a dubi yadda aka yi suka zama haka. Dajin Tijuka da ke cikin Riyo, wanda miliyoyin mutane ke shiga kowace shekara, ba don baƙi aka dasa shi ba. Masu gonakin kofi da masu gawayi ne suka aske tsaunukan birnin, maɓuɓɓugan ruwa suka fara ƙafewa, birni ya shiga ƙishirwa. A 1861 gwamnatin Sarki Pedro na Biyu ta ba da umarni a sake dasa dajin, aka ɗora aikin a wuyan wani mai suna Manuel Archer da ma'aikata 'yan ƙalilan, cikinsu har da bayi. Suka shafe fiye da shekara goma suna dasa itace ɗaya bayan ɗaya, dubun-dubata. Sai a 1961, shekara 100 cif, aka ayyana wurin gandun shaƙatawa na ƙasa. Ruwan sha aka nema tun farko, baƙi daga baya suka biyo. Haka lambun Kirstenbosch da ke gindin Dutsen Tebur a Kef Tawun: a 1913 aka kafa shi don adana tsirran ƙasar, motar da ke bin igiyar ƙarfe ta hau da mutane kan dutsen kuwa sai a 1929 ta zo. Unguwar Musulmi ta Bo-Kap, mai gidaje masu launi-launi da masallacin da aka kafa a 1794, mutanenta ne suka riƙe ta da zama da salla da girki tun kafin wani ya zo da kyamara.

Wannan tsari ya dace da Rugu fiye da yadda ake zato, domin Rugu ma ta taɓa samun masu kula da ita. A lokacin da Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, wadda mutane suka fi kira da sunan Runka, tana cikin wuraren da ake nunawa a matsayin abin koyi. Da taimakon hukumar agaji ta Amurka aka yi madatsun ruwa don shanu, aka shata wuraren kiwo, ga malaman dabbobi, ga malaman daji. Mutum ba ya sare ɗanyen itace yadda ya ga dama, don akwai wanda zai tambaye shi takarda. Da sannu aka bar abin ya lalace. Madatsu suka cike da yashi, malaman daji suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, aka riƙa yanka gonaki a cikin gandun, burtali da mashaya suka toshe, motocin icce da gawayi na fitowa dare da rana. Makiyayi ya rasa ciyawa, ya rasa makaranta da asibiti, ya rasa wanda zai saurare shi in an ci zalinsa. Wannan bai wanke wanda ya ɗauki bindiga ya kashe maƙwabcinsa ba, ko kusa. Amma ya bayyana yadda daji mai faɗi haka ya wayi gari ba mai sa ido a kansa. Kuma ba Rugu kaɗai ba ce. Sambisa gandun namun daji ce kafin ta zama sansanin Boko Haram, Kamuku ta Birnin Gwari gandun tarayya ce mai dokoki da ma'aikata, duk da haka masu bindiga suka yi kaka-gida a cikinta.

To, ga abin da mai suka zai ce, kuma maganarsa na da nauyi. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Akwai ƙauyukan da suka watse, mutanensu suka fake a makarantu da kangaye a garin Batsari da cikin Katsina. Akwai manoman da sai sun biya kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Mai suka zai ce a ba mu tsaro, a ba mu abinci, a gyara asibiti, sannan a zo da maganar hawan dutse. In ana batun inda kuɗi za su fara zuwa, ba ni da ja. Duk nairar da za a cire daga abincin ɗan gudun hijira a gina wa baƙo masauki, zalunci ce. Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar da ya yi cewa tsaro abu ne da soja zai gama shi kaɗai ya miƙo wa jama'a, sannan su fito.

Soja na iya korar ɗan bindiga daga dutse, amma ba zai dawwama a kan dutsen ba. An sha gani: a yi luguden wuta, a ƙona sansani, dakaru su koma bariki, bayan wata biyu mutanen su dawo, domin babu kowa a wurin. Abin da ke riƙe wuri shi ne kai-komon masu neman halal, wato manomi, da makiyayi, da mai saƙe-saƙin magani, da malamin daji a kan babur ɗinsa, da malamin makaranta da ɗalibansa ranar Asabar, da mai sayar da rake a gindin dutse. Kowannensu ido ne, kuma kowannensu na da abin da zai rasa in wurin ya koma hannun ɓarayi. Sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya jagoranta a 2019, wanda ya kai shi har bakin daji ya zauna da masu bindiga, ya rushe cikin watanni, shi da kansa ya ce an ci amana. Dalilan rushewar na da yawa, amma ɗaya a fili yake: bayan an yi musabaha an ɗauki hoto, abin da ya shiga dajin ya zauna, na makaranta ko ruwa ko ma'aikaci, bai taka kara ya karya ba. Yanzu ga dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ga kuma sulhun da al'ummomin Batsari da Jibiya da Safana da wasu maƙwabtansu suka ƙulla a 2025. Kan mutane ya rabu a kan wannan sulhu, kuma masu shakka suna da hujja, tunda yawancin makaman na hannun masu su. Amma da mai goyon baya da mai adawa, tambaya ɗaya ce a gabansu: in an samu sarari, da me za a cike shi, kuma da me za a auna gaskiyarsa? Jawabin taro ba ya auna komai. Ranar da malami zai ɗebi 'yan aji shida daga Runka ya kai su gindin dutse su dawo, iyayensu ba su wuni da zullumi ba, ranar za a san an samu wani abu.

Batun haɗari ya fi komai tsaya mini a rai. Ranar 9 ga Agustan 2020, a Kure ta Jamhuriyar Nijar, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa ba nisa da Yamai, 'yan bindiga sun kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da 'yan Nijar biyu, direba da jagora. Wuri ne da kowa ke ganin lafiya lau yake. Duk mai cewa a kai mutane daji kada ya manta da wannan rana, balle a yankin da satar mutum ta zama sana'a, inda mota cike da ɗalibai abin kwaɗayi ce ga ɓarawo. Saboda haka ba na cewa a shirya ayari a shiga tsakiyar Rugu gobe, wanda ya yi haka ya yi ganganci da ran 'ya'yan mutane. A fara daga inda aka saba: duwatsun da ke jikin gari, waɗanda daga kansu ana jin kiran salla, da Dutsin-Ma da bakin madatsar Zobe, da tsofaffin garuruwan da ke kan hanyar mota. Da rana, mutane kaɗan-kaɗan, da sanin dagaci da arɗo da jami'an tsaro, kuma duk ranar da mutanen gari suka ce yau ba a fita, to ba a fita. A riƙa matsawa gaba gwargwadon yadda hali ya bayar. Ko shekara biyar aka ɗauka kafin a ƙara kilomita goma, ba a yi asara ba.

Labarin Agadas ya isa ya hana mu zaman jiran Bature. Shekaru da dama abincin garin na fitowa daga baƙin Turai masu zuwa kallon tsaunukan Azbin da Sahara. Tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya suka tsayar da zuwansu, jagorori da direbobi suka wayi gari ba aiki, da yawansu suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya. Ko shigar tsohon birnin cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 bai dawo da kasuwar ba. Baƙon nesa gargaɗi ɗaya daga ofishin jakadancinsa ya isa ya fasa tafiya. Baƙon da zai amfani Batsari da Safana yana kusa, kuma ya riga ya saba da fita. A dubi yadda yara da matasa ke cika Dutsen Dala da gidan zu na Kano ranar Salla, da yadda makarantu ke kai ɗalibai rijiyar Kusugu a Daura, da Hasumiyar Gobarau, da tsohuwar Kwalejin Katsina. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa masu karatun tarihi da labarin ƙasa da tsirrai, waɗanda dole su fita fili su ga abin da suke karantawa. Ga 'yan asalin yankin mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, masu 'ya'yan da ba su san ƙauyen ubansu ba sai a waya. Kuɗin da irin waɗannan baƙi ke kashewa ba su da yawa, amma a hannun talaka suke faɗawa: ɗan acaɓa, mai fura da nono, mai tsire, mai dafaffen rogo da ƙuli, da tsohon da ya san labarin ganuwa.

Inda kuskure zai ɓata komai shi ne kan makiyaya. Bafulatanin Rugu ya sha ganin abin da ke biyo baya in gwamnati ta ce za ta gyara daji: a zo a kafa turaku, a ce masa ya tashi. Kef Tawun ɗin da ake yabo ma tana da irin wannan tabo. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana wata unguwa da ke gindin Dutsen Tebur, wadda ake kira Unguwa ta Shida, ta farar fata zalla, aka rushe gidaje, aka kwashe mutum fiye da 60,000 aka watsa su bayan gari. In aka kori makiyayi daga Rugu don a sama wa ɗan birni wurin ɗaukar hoto, to an sake hura wutar da ake ƙoƙarin kashewa. Abin da nake kira a yi akasin haka ne. A dawo da dajin matsayinsa na makiyaya mai tsari, a yashe madatsun da suka cike, a buɗe burtali, a kai makarantun 'ya'yan makiyaya da maganin dabbobi, a taka wa masu gawayi birki, a dasa abin da aka sare. Hawan dutse da ziyarar kufai su biyo bayan wannan, yadda suka biyo bayan aikin ruwa a Riyo. Kuma wa ya fi makiyayi da maharbi sanin dajin? Su suka san wace hanya ke ɓullewa ina, wane kwari ke riƙe ruwa har bazara, wane ganye ke maganin me. Su ya kamata su zama jagorori da masu gadin daji, da albashinsu. Ruwanda, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, ta mayar da tsaunukanta masu gwaggon biri hanyar samun kuɗi, kuma tun 2017 kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta na komawa ƙauyukan da ke kewaye da su, tsofaffin mafarauta da dama sun koma 'yan dako da masu rakiyar baƙi. Rugu ba ta da dabbar da Bature zai biya dala 1,500 ya gani, amma ƙa'idar rabon na aiki ko da kuɗin shiga naira 200 ne.

Akwai kuma masu ƙyamar abin ta fuskar addini da tarbiyya. Wasu duwatsun ƙasar Hausa an san su da tsafi a zamanin da, wasu mutanen kuma na tsoron wurin shaƙatawa ya zama matattarar shaye-shaye da sharholiya. Tsoro na biyun gaskiya ne, maganinsa kuma wurin ya kasance a hannun mutanen gari, dagaci da liman da iyaye su sa dokar da ta dace da su: lokacin buɗewa da rufewa, wurin alwala da salla, ranar mata da yara. Na farkon kuwa, sanin cewa kakanni sun taɓa yin yanka a gindin wani dutse ba ya mayar da jika matsafi, sai ma ya ƙara masa sanin doguwar hanyar da Musulunci ya bi kafin ya zauna a ƙasar nan. Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don duban halitta da makomar waɗanda suka gabata.

Sai maganar kwangila, wadda tarihin yankin ke goyon bayan masu tsoronta. An kammala madatsar Zobe a 1983, ruwa ya taru, amma babban aikin kai shi famfunan jama'a sai a 2021 aka ƙaddamar da shi, bayan shekara 38. Mutumin da ya girma yana kallon wannan ruwa yana sayen na garuwa, ba za a ga laifinsa ba in ya ji an ambaci aikin yawon buɗe ido ya hango katafariyar ƙofa mai fenti da otal ɗin da ba a ƙarasa ba. In haka za a yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abubuwan da ake bukata ƙanana ne, kuma ƙanƙantarsu ita ce kariyarsu, don babu abin da babban ɓarawo zai samu a ciki: matakala a inda dutse ke da santsi, rumfa, rijiyar burtsatse, ban-ɗaki mai tsabta, allo da boko da ajami mai bayanin wurin, da mutum biyu ko uku 'yan garin da ake biya a kan lokaci. Kuɗin shiga, in za a karɓa, a rubuta shi kowa ya gani, a karanta lissafinsa a ƙofar dagaci gaban jama'a. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ta riƙe rajistar wuraren, ta hana masu fasa dutse cinye wanda ke da tarihi, domin wannan ma ɓarna ce da ake yi ba a ankara ba, kuma dutsen da aka fasa aka loda a tifa ba ya dawowa.

Akwai aiki ɗaya da ba ya jiran sulhu ko kasafin kuɗi, kuma shi ya fi gaggawa. Mutanen da suka san sunan kowane dutse da kowane kufai, da wanda ya haƙa wace rijiya, da inda aka gwabza wane yaƙi, tsofaffi ne, kuma rikicin nan ya tarwatsa su. Wasu sun rasu a gudun hijira, wasu na zaune a gidajen 'ya'yansu a Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, nesa da wuraren da za su iya nunawa da yatsa. Ƙauyen da ya yi shekara da shekaru a watse, yaran da aka haifa bayan tashinsa ba su san iyakar gonar ubansu ba, balle sunan dutsen da ke bayanta, kuma wannan rashin sani zai haifar da rigimar filaye ranar da aka ce kowa ya koma gida. Sassan tarihi da labarin ƙasa na jami'o'in nan biyu, tare da fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, suna iya tura ɗalibai 'yan yankin da wayar hannu su ɗauki muryoyin dattawan nan, manoma da makiyaya da maharba da tsofaffin mata, a sa sunayen wurare a kan taswira, a ajiye kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a fadar hakimi. Wannan ba sai an shiga daji ba, a zaure ake yinsa. Lokacinsa kuma rani ne, bayan an kai amfanin gona gida tsofaffi sun sami sukunin zama, don haka ranin da ke tafe ya kamata a fara.